Ina karatu ina mantawa, in na tashi magana kuma sai ta watse: ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a kwalejin ilimi. Ina karatu daidai gwargwado, har littafi na keɓe da nake tara karin magana da zantukan masu hikima. Amma abin da na karanta yau, kafin mako ya zagayo ya gudu. In aka ce in tashi in yi magana a gaban aji ko a taron ƙungiyarmu, sai in kama nan in saki can, in zauna ban faɗi abin da ya tashe ni ba. Ga shi ina ganin dattijo zai jefa karin magana ɗaya ya kashe zance. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ciwo uku ka lissafa, amma jijiyarsu ɗaya ce. Kullum kana zuba abu a ka, ba ka taɓa gwada fito da shi ba sai ranar da jama'a suka zuba maka ido. Wato ranar tafiya kake fafe gora. Maganin mantuwar, da na ruɗewar tunanin, da na watsewar maganar duk a wuri ɗaya suke: ka riƙa fito da abin da ka zuba, da bakinka, littafi a rufe, tun kana kai kaɗai.

Mu fara da karatun. Idan ka bi shafi ɗaya sau uku, idonka yakan saba da shi, sai zuciya ta ce maka ai ka sani. Irin sanin nan ne da kake yi wa mutumin da kuka haɗu a kasuwa, ka gane fuskarsa sarai amma sunansa ya ƙi zuwa. Jarrabawa da taro kuwa suna suke tambaya. A shekarar 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun auna wannan. Suka ba ɗalibai gajeren rubutu. Rukuni ɗaya ya yi zama huɗu yana maimaita karantawa. Wani rukunin ya yi zama ɗaya na karatu, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce kowa ya rubuta abin da ya tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu maimaitawa sun riƙe kashi 40 cikin ɗari, masu rubutawa da ka sun riƙe kashi 61. Abin dariyar shi ne, da aka tambaye su tun farko wa yake ganin zai tuna, masu maimaitawar ne suka fi bugun ƙirji.

Almajirin tsangaya bai san da wannan bincike ba, amma a kansa yake zaune. Ba a barinsa ya wanke allo don ya ce ya karanta sau ɗari. Sai ya zo gaban malam ya biya, an ji ya zauna a bakinsa, sannan a ce je ka wanke. Kuma bayan ya wuce wurin, tilawa tana dawo da shi kansa a kai a kai. Mutum ba ya amsa sunan alaramma na gaske sai ya iya zama ya rubuta Alƙur'ani da ka. Wannan shi ne ɓangaren da 'yan boko da yawa suka yar, suka koma ja wa layi da jan biro har shafi ya yi kamar an yanka kaza a kansa.

Sai maganar lokacin komawa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa a 1885. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bari lokaci ya wuce, ya auna yawan wahalar da zai sake sha kafin haddar ta dawo. Bayan awa ɗaya tak, fiye da rabin aikinsa ya zube. Bayan kwana ɗaya kusan kashi ɗaya cikin uku ya rage, bayan wata guda kusan kashi ɗaya cikin biyar. Abu mai ma'ana ya fi haka jimawa a ka, amma salon zubewar iri ɗaya ne: da gudu a farko, a hankali daga baya. Saboda haka bitar da ta fi kowace daraja ita ce ta farko, wadda za ka yi kafin ka kwana biyu. Malaman zaure sun riga shi gane haka da ɗaruruwan shekaru. Zarnuji, mai littafin Ta'alimul Muta'allim da har yau ake karantawa a zaurukanmu, ya ce ɗalibi ya maimaita darasin jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, na gabansa sau uku, sai sau biyu, sai sau ɗaya. Ka lissafa, kowane darasi zai samu bita 15 a cikin kwana biyar, mafi yawanta tun yana ɗanye.

Ga yadda za ka haɗa su a aikace. Ka ɗauki abin da bai wuce shafi uku zuwa biyar ba, ka karanta cikin minti 25 ko 30, waya tana wani ɗakin. Ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna cikin minti 10, ko da a hargitse. Sannan ka buɗe ka gwada, abin da ka tsallake ko ka karkata ka rubuta shi da wani launin biro. Wannan launin shi ne ainihin karatunka na gobe, sauran ka riga ka samu. Ka sake wannan rubutu da ka washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai mako biyu, sai wata. Kowace bita ba za ta ci maka fiye da minti biyar zuwa goma ba. Za ka ji hanyar tana da nauyi, har ka riƙa jin kamar ba ka san komai ba. Kada wannan ya kore ka. Wahalar lalubo abu a ka ita ce take kafa shi, kamar yadda turke ba ya shiga ƙasa sai an doka.

Ga abubuwa ƙanana masu yawa, irin shekaru, ma'anar kalmomi da ƙa'idoji, ka yi katuna. Ka yanka kwali girman katin banki, tambaya a gaba, amsa a baya. Ka raba akwati gida uku. Na gidan farko kullum ake duba su, na biyu duk bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ka ci ya matsa gida na gaba, wanda ka faɗi ya dawo gidan farko ko da daga na uku ya fito. Wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan tsari a 1972, kuma manhajar Anki irin aikin take yi a waya. Inda ake lalata shi wuri uku ne: a cusa sakin layi guda a kati ɗaya, a juya katin kafin a furta amsa, ko a zuba sabbin katuna hamsin a rana ɗaya saboda zumuɗi, bayan mako su taru su fi ƙarfin mutum ya watsar. Sabbi 10 zuwa 15 a rana sun isa.

Amma hadda kaɗai ba ta isa mai son magana ba, nan kuma dole a faɗi gaskiya ko da a kan tsangayar da muka yaba. Aku ma yana maimaitawa. Gwajin fahimta shi ne ka zaunar da ƙanenka ɗan firamare, ko ka ƙaddara kakarka ce a gabanka, ka bayyana darasin da Hausa zalla, ba kalmar Turanci ko ɗaya. Mu da muke karatu da wani harshe muna rayuwa da wani, wannan gata ne a gare mu, domin fassara tana tona asirin wanda ya haddace sauti kawai. A ce darasin hauhawar farashi ne. In ka iya cewa, kuɗin da ya sayi mudu biyu bara yanzu mudu ɗaya da rabi yake saya, ga kuma dalilai biyu da sukan jawo haka, to ka fahimta. In ka ji harshenka ya maƙale sai ka jawo kalmar littafi ka fake a bayanta, to ka sa alama a wurin. Ramin yana nan.

Yanzu tunani. Yawancin maganar da take watsewa a baki, tun a ka ba ta haɗu ba. Abdurrahman Al-Ahdari, malamin nan na Aljeriya na ƙarni na 16 wanda duk ɗan makarantar zaure ya san littafinsa na fiƙihu da muke kira Ahalari, yana da wata waƙa ta ilimi mai suna Sullam a kan mantiƙi, wato ilimin tsara tunani da hujja, wadda ya tsara yana ɗan shekara 21. A cikinta ya kwatanta matsayin mantiƙi ga hankali da matsayin nahawu ga harshe. Darasi mafi amfani da za ka ɗauka daga wannan fanni shi ne tantance ma'anar kalma kafin a yanke hukunci a kanta. Malaman mantiƙi suna cewa bayanin ma'ana sai ya tattaro duk 'yan gida, ya kuma hana baƙo shiga. In ka ce ɗan kasuwa shi ne wanda yake da shago, ka bar ɗan koli da dillali da mai talla a waje, ka kuma shigo da tela da mai aski. Bayanin ya faɗi ta gaba da ta baya.

Ka saurari musun majalisa da wannan kunne, za ka sha mamaki. Mutum biyu za su shafe awa guda a kan ko noman rani ya fi na damina riba, har jijiyar wuya ta tashi, alhali ɗaya da ya ce riba yana nufin kuɗin da ya shigo hannu ranar sayarwa, ɗayan yana nufin abin da ya rage bayan an cire fetur na injin ban-ruwa, da taki, da maganin feshi, da kuɗin leburori. Da wani ya tambaya tun farko, me muke nufi da riba, da musun ya mutu cikin minti biyu, ko ya koma lissafi, wanda ya fi amfani.

Bayan ma'ana sai tushe. Duk abin da za ka faɗa, ka tambayi kanka a wane mataki yake: na gani da idona, ko na ji daga wanda ya gani, ko kuwa an ce. Malaman hadisi a kan wannan tambayar suka gina ilimin isnadi, wato bin jerin waɗanda suka ruwaito magana. Saƙon da aka turo maka a WhatsApp, ba sunan marubuci ba kwanan wata, ɗan gidan "an ce" ne, ko mutum dubu ne suka turo shi. Yawan masu turawa ba ya ƙara masa nauyi, tunda duk rijiya ɗaya suka ɗebo. Gani ya kori ji, haka ne, sai dai ganin ma yakan yi wa rogo kallon kitse. Misali, a ƙauyuka da yawa za ka ji ana cewa cin sabuwar masara ko ɗanyar gyaɗa ne ke kawo zazzaɓi, kuma mai faɗa da idonsa ya ga yaro ya ci masara ya kwanta. Abin da bai gani ba shi ne damina ce ta kawo su biyun: ita ta nunar da masarar, ita ta tara ruwan da sauro ya hayayyafa a ciki. Cizon da ya kwantar da yaron ma an yi shi kwana 10 zuwa 15 kafin zazzaɓin ya bayyana. Turawa su ma sun daɗe cikin irin wannan kuskure, sunan cutar a bakinsu, wato maleriya, asalinsa "mugunyar iska" yake nufi da Italiyanci, sai a 1897 wani likita, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Don haka in abu biyu suna tafiya tare, ka leƙa ko akwai na uku da yake jan su duka.

Tambaya mafi wuya ita ce: me zan gani in yarda na yi kuskure? A 1960 wani masani a Ingila, Peter Wason, ya ba ɗalibai lambobi uku, 2, 4, 6, ya ce suna bin wata ƙa'ida da ke ransa. Kowa ya kawo nasa lambobin uku, shi kuma zai ce sun dace ko ba su dace ba, har mutum ya gano ƙa'idar. Sai ka ga ɗalibi ya ce 8, 10, 12, a ce sun dace. Ya ce 20, 22, 24, a ce sun dace. Sai ya miƙe da ƙarfin gwiwa ya ce ƙa'idar ita ce ƙara biyu-biyu. Ya faɗi. Ƙa'idar ita ce kowace lamba ta fi wadda ta gabace ta girma, shi ke nan. Cikin mutum 29, shida kaɗai suka ci a karon farko. Abin da ya kayar da sauran shi ne suna ta kawo misalan da za su gaskata zatonsu, ba wanda ya yi ƙarfin halin jefa 1, 2, 50 ya ga ko zaton zai rushe. Kafin ka tashi gaban jama'a da wani ra'ayi, ka zauna ka rubuta hujja mafi ƙarfi da mai adawa da kai zai kawo, ka rubuta ta yadda shi da kansa zai ce haka nake nufi. In ka kasa, ba ka gama sanin ra'ayin naka ba tukuna.

To, sai littafinka na karin magana. Kada ka yar da shi, amma ka san abin da ke ciki. Karin magana hukunci ne da aka riga aka yanke, kuma kusan kowane yana da kishiya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji wani; da zafi-zafi akan daki ƙarfe, in ji wancan. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba, amma kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ko da yaro ne. Duka gaskiya ne, kowanne a muhallinsa. Dattijon da ka ga ya kashe zance da jimla ɗaya, ba ƙarfin jimlar ne ya yi aikin ba. Ya yi shiru ya saurari kowa, ya gane inda gizo ke saƙa, sannan ya zaɓi wadda ta dace daga cikin ɗarin da ya sani. Zaɓin nan shi ne hikimar, kuma ba a kwafe shi a littafi. Abin da za ka iya yi shi ne, duk karin maganar da ka rubuta, ka sa layi biyu a ƙarƙashinta: wani hali na zahiri da ta dace da shi, da wani halin da in aka kawo ta za ta zama zalunci ko wauta. Wadda ka kasa cike mata layin biyu ba taka ba ce tukuna.

Wajen amfani da ita, a jawabin minti biyar ɗaya ta isa, biyu ita ce iyaka. Ta zo bayan hujja, kamar murfi bayan an zuba tuwo. Kada ka fassara ta; in sai ka yi bayani to ba ta dace ba. Gwanaye ma rabi suke faɗa su bar jama'a su ƙarasa: "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta..." sai ka ji ɗaki ya amsa. Wanda ya ƙarasa maka magana da bakinsa ya riga ya shigo rabin hanya. Sai kuma a kula da wurin da take yanka. Yaro ba ya jefa wa babba karin magana kai tsaye, domin nan take takan koma habaici. In dole ne, sai a jingina ta da "kamar yadda ku iyayenmu kuka koya mana". Masu ambaton kuturu, makaho, mahaukaci ko kishiya, ka dubi waɗanda ke zaune kafin ka saki. Barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, yana da daɗi a tsakanin abokan wasan, amma in ba ka cikinsu, ko an ɗauka a bidiyo ya fita daga zauren, sai ya zama zagi. Magana zarar bunu ce.

Shirin jawabin kansa kuwa daga jimla ɗaya yake farawa. Kafin komai, ka rubuta abin da kake so mutane su tashi da shi, a jimlar da za ka iya faɗa da numfashi ɗaya. A ce taron unguwa ne a kan burtsatsen da ya lalace. "Matsalar ruwa" ba jimla ba ce, kan magana ne, kuma mai tashi da kan magana kawai shi ne yake kama nan ya saki can. Jimla ita ce: kowane gida ya ba da kuɗi kaza a wata, a gyara burtsatsen kafin azumi. Daga nan sai ka kafa mata duwatsun murhu uku. Halin da ake ciki, da abu ɗaya da kowa ya gani, kamar yaran da ke makara a makaranta saboda layin ruwa, ko kuɗin jarka a hannun 'yan garuwa. Sai dalilin da ya sa wannan hanya ta fi sauran. Sai abin da ake so a yi: wa zai karɓa, wa zai riƙe, yaushe za a karanta lissafi. Ka san akwai wanda yake zaune da tambayar ina kuɗin da aka tara bara suka shiga. Ka riga shi, ka ɗago ta da kanka ka amsa. Bayan wannan ne "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" za ta sami wurin zama. Da ita ka fara, da sai a ce wa'azi ya zo yi.

Dalilin tsayawa a uku ba ado ba ne. Binciken masana, irin na Nelson Cowan a 2001, ya nuna abin da mutum yake iya riƙewa a ka a lokaci guda bai cika wuce guda huɗu ba. Mai sauraro ba shi da damar komawa shafin baya. In ka kawo dalilai bakwai, na bakwai zai ture na farko, kuma mai adawa da kai mafi rauninsu zai kama ya yi ta duka.

Malaman balaga, wato ilimin iya magana, sun taƙaita fanninsu da cewa magana ta dace da halin da ake ciki. A aikace wannan lissafin lokaci ne da sanin mutane. Mai magana a natse yakan yi kalma 120 zuwa 150 a minti, wato minti biyar bai wuce kalma 750 ba, shafi biyu na rubutun hannu. Ka auna naka da agogo. Gaisuwa wajibi ce a wurinmu, wanda ya tsallake ta ya zubar da jawabinsa tun bai fara ba, amma ta tsaya a rabin minti: sallama, babban da ke wurin da muƙaminsa daidai, sai a haɗa sauran a jimla ɗaya. Wanda ya tsaya jero sunaye goma sha biyu ya cinye rabin lokacinsa, kuma tabbas zai manta na sha uku, shi kuwa ba zai manta ba.

Kada ka haddace jawabin kalma da kalma. Sarƙa ce, in zobe ɗaya ya ɓalle sauran sun zube. Ka haddace jimlar farko da ta ƙarshe kawai, tsakiyar kuma ka riƙe ƙaramin kati mai kalmomi uku ko huɗu da manyan baƙaƙe. Sannan ka biya shi a tsaye, da murya a sama, sau uku a ranaku daban-daban, kana ɗauka da waya. Sauraron muryarka ba daɗi, kowa haka yake ji, amma ka daure ka ɗauki biro ka ƙirga sau nawa ka ce "wato", "ka gane", "a gaskiya", "ma'ana". Waɗannan kalmomi toshe rami suke yi yayin da kai yake neman abu na gaba. Maganinsu shiru ne. Shirun daƙiƙa biyu a wurinka kamar shekara yake, a wurin mai sauraro kuwa natsuwa ce.

A faifan ka kuma saurari Hausarka. Ingausa takan shigo ne a daidai wuraren da ba ka tauna abin da harshenka ba. Akwai kuma Turancin da ya sa babbar riga, irin "ina so in yi amfani da wannan dama" da "a ƙarshen rana", kalmomin Hausa ne amma ƙashin bayan na wani ne. Ka kula da jinsi, gwamnati ta ce, ba ya ce ba. Lambobi su ne suka fi yaudara. "Dubu ɗari biyu da hamsin" zai iya zama 250,000, zai iya zama 200,050, don haka in kuɗin jama'a ne ka ce dubu ɗari biyu da dubu hamsin, ka maimaita. In kuma masu sauraronka mutanen Maraɗi ko Damagaram ne, ka tuna da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar ce, sai ka fayyace wane lissafi kake yi. Inda ba a buƙatar adadi daidai, "kusan rabi" ya fi kashi 48 da ɗigo bakwai zama a kunne.

Rawar jiki da bushewar baki ba alamar gazawa ba ce, jiki ne ya shirya wa haɗari, kuma takan lafa cikin minti na farko ko na biyu. Kafin a kira ka, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, sau biyar. Ka kurɓi ruwa. Ka kafa ƙafa biyu a ƙasa, ka zaɓi fuska uku, dama da tsakiya da hagu, ka riƙa yi wa kowacce jimla guda. Abin magana ya tsaya kamar faɗin tafin hannu daga bakinka, kuma in lasifikar tana amsa-kuwwa, kamar a masallaci ko babban ɗakin taro, ka rage gudu, ka bar kowace jimla ta sauka kafin ka ɗora wata.

In kanka ya ɗauke a tsakiya, kada ka ba da haƙuri, kada ka ce na manta. Ka maimaita jimlar da ka faɗa ta ƙarshe da wasu kalmomin, ka dubi katinka, ka ɗauki kalma ta gaba. Ba wanda ya san abin da ka tsallake sai kai. In aka yi maka tambaya, ka maimaita ta da bakinka tukuna: na baya za su ji, kai kuma ka sami daƙiƙa biyar na tunani, in ma ka juya ta mai tambayar zai gyara maka. In ba ka da amsa, an ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". Kai sai ka ƙara da faɗin wanda za ka tambaya da ranar da za ka kawo amsa, ka rubuta a bayan katin nan tun kana tsaye, mai tambayar yana gani.